Masu ɗaukar jaka a filin golf: aiki ya yi, lada bai yi ba

Duk wanda zai zo buga golf a kulob ɗinmu, shawarata ita ce ya wuce yaran da ke rububin jakarsa tun daga bakin mota, ya je wurin shugaban masu ɗaukar jaka ya ce a haɗa shi da babba. Bambancin ba kaɗan ba ne.

Wanda ke ɗaukar min dattijo ne, furfura ta fara cin gemunsa. Jaka mai sanduna 14 yake rataya, mu zagaye ramuka 18, abin da ke cin wajen awa huɗu a ƙafa. Amma dakon shi ne ƙaramin aikinsa. Filinmu irin na Arewa ne, babu ciyawa a kewayen rami, yashi ne da aka cakuɗa da baƙin mai. Kafin in buga, sai ya ja buhu ya share min hanya sumul, ya tsuguna ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Alhaji, ɗan karkata dama, wurin nan yana da gangare." Da hunturu kuwa, da ƙasa ke bushewa ƙwallo ya yi ta gudu, kafin hannuna ya kai jaka ya riga ya zaro sandar da ta dace. Ƙwallo ya faɗa cikin ciyayi, shi ya san gindin bishiyar da ya sauka. A wannan fanni ba ni da ƙorafi ko kaɗan.

Ƙorafina yana kan lada. Abin da kulob ya yanke musu a kowane zagaye bai kai kuɗin lemo da tsiren da mutum ɗaya ke ci bayan wasa ba. Sauran sai abin da mai wasa ya ga dama ya ƙara, kuma na sha ganin mai babbar mota ya shafa aljihu ya ce "sai gobe". Su ba ma'aikatan kulob ba ne, don haka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 bai shafe su ba. Ranar da aka wuni ana ruwa, ko kuma lokacin azumi da fili ke yin tsit, haka za su koma gida hannu rabbana. A manyan gasannin Amurka, al'ada ita ce mai ɗaukar jaka ya samu kashi 10 cikin 100 na kuɗin kyautar idan maigidansa ya ci kofi, ban da kuɗin mako. Ba wanda ya ce a yi haka a nan, amma a yanke kuɗi mai mutunci, a biya a ofis kafin a fara wasa, ba a bar magidanci yana jiran ihsani ba.

Abin da ke karya farashin kuwa yaran nan ne. Yaro ɗan shekara 12 zai karɓi ko nawa aka miƙa masa, shi ya sa wasu membobi suka fi son su. Ranar Talata da hantsi, lokacin da ya kamata yana aji, sai ka gan shi jaka ta kusa rinjayarsa. Masu kare abin suna cewa ai yawancin ƙwararrun 'yan golf na Najeriya daga ɗaukar jaka suka faro. Gaskiya ne, ban musa ba. To a bar musu Asabar da Lahadi da lokacin hutu, a ba su jakar da za su iya, a kuma bar su su riƙa bugawa da yamma idan fili ya yi sauƙi. Ranakun aiki na manya ne masu iyali.

Akwai keken turawa da ake haya a ofis, yana da araha, amma ba ya share yashi, ba ya neman ƙwallo. Ni dai dattijon nan nake ɗauka, ina ninka masa abin da kulob ya yanke, kuma a hannunsa nake damƙawa tun kafin ramin farko.