Sati takwas a ajin lissafin dare a Harobanda: abin da jika ashirin ta sayo min

Ni ke riƙe da lissafin wani shagon sari kusa da kasuwar Katako, a nan Yamai. Shekara huɗu ina fama da Excel, har fayil ɗin ya kai in na danna shi sai na sha shayi na dawo kafin ya buɗe. Ƙanena da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Abdu Mumuni ya ce min, "Yaya, rumbun bayanai kake buƙata, amma kada ka taɓa shi sai ka san lissafin da ke ƙarƙashinsa." Shi ya haɗa ni da wani ajin dare a Harobanda: sau uku a sati bayan Magariba, sati takwas, jika ashirin. A takardar talla sun rubuta mathématiques discrètes. Malamin ya fassara mana shi da lissafin abin da ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya kamar buhuna, ba wanda ake aunawa kamar mai ba.

Rabona da aji tun da bak, jarrabawar gama sakandare, ta kayar da ni a Tawa, don haka na shiga da fargaba.

Daren farko bai taɓa alli ba. Mu 19 ne. Ya ce masu jin Hausa su ɗaga hannu, aka samu 15. Masu jin Zabarmanci, 11. Babu wanda bai ɗaga ko sau ɗaya ba. "To 15 da 11 ai 26 ne, ina sauran bakwai suka ɓuya?" Sai wata ɗaliba ta ce, "Malam, mu ne aka ƙirga sau biyu." Nan ya zana da'ira biyu da suka shiga juna, ya ce wannan shi ne ansambul, amma mu kira shi tari. Daga nan ya nuna mana cewa kaya iri 10 a kanta ana iya zaɓo su ta hanya 1024, har da zaɓin wanda ya fita hannu rabbana, domin kowane kaya ko a ɗauka ko a bari. Ya ambaci Georg Cantor, Bajamushen da ya aza harsashin fannin a 1874, da tarkon da Bertrand Russell ya gano a 1901. Tarkon ya ba mu shi da wanzamin gari mai aske duk wanda ba ya aske kansa, su kaɗai. Wa ke aske wanzamin? Wani daga baya ya ce, "Ai shi ya sa ba ya son jarfa." Sai da aka yi minti biyar ana dariya.

Inda kuɗina suka fita shi ne lojik, wanda malaman zaure suka daɗe da sani da sunan manɗiƙi. Mun yi dare biyu cur a kan "in... to...". Misalin: uba ya ce wa ɗansa, "In ka ci bak, zan saya maka babur." Yaushe uban ya zama maƙaryaci? Sai in yaro ya ci, babur bai zo ba. In yaro ya faɗi aka hana shi, ba a saɓa alkawari ba. In ya faɗi kuma aka saya masa, nan ma ba a saɓa ba, don uban bai ce komai a kan faɗuwa ba. Wannan layi na ƙarshe ya tayar da gardama sosai. Ni kaina na ƙi yarda, na tsaya a kan cewa "in" ɗin uba yana nufin "sai in". Malam ya ce, "Abin da yake nufi daban, abin da ya faɗa daban, kwamfuta kuwa abin da aka faɗa kawai take ji." Ya ce George Boole ne ya mayar da gaskiya da ƙarya 1 da 0 ana lissafi da su, a littafinsa na 1854, sai a 1937 Claude Shannon a Amurka ya nuna cewa makunnan lantarki za su iya yin wannan lissafin.

Ƙa'idar De Morgan kuwa a shago ta kama ni. Kishiyar "ya biya kuma ya ɗauki kaya" ita ce "bai biya ba ko bai ɗauka ba". Ni kuwa shekara da shekaru ina tace jerin ciniki da "bai biya ba kuma bai ɗauka ba", wato duk wanda ya kwashe kaya bashi ba ya fitowa a tacewar. Washegari na gyara, sunaye shida suka faɗo. Ban faɗa wa Alhaji mai shagon tun yaushe kuskuren yake ba.

Dangantaka ma ta yi daɗi. "Garinmu ɗaya" tana miƙewa: in ni da kai garinmu ɗaya, kai da wancan garinku ɗaya, to ni da shi ma haka. Amma kaye a kokowa ba ya miƙewa. Wane ya ka da wane, shi kuma ya ka da na uku, ba hujja ba ce na farko zai ka da na uku; duk mai bin gasar takobi ya san haka. A nan na ji cewa teburin rumbun bayanai shi kansa dangantaka ce, tunanin Edgar Codd na kamfanin IBM a 1970.

Yanzu ƙorafi. Malamin ya yi fashin dare uku ba a rama ba, ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, ta cinye mana biyu, muna karatu da fitilar waya. Sakamakon haka aka cusa mana fonksiyon, wato ƙa'idar da ke haɗa kowane abu na wani tari da abu guda a wani tarin, cikin dare biyu, a guje, da Faransanci zalla, babu misali ko ɗaya daga gida. Bambanci ya fito fili: duk inda ya juya zuwa Hausa ko Zabarmanci aji na tare da shi, inda ya koma karanto takarda kowa ya yi tsit. Fotokopin da aka sayar mana ya koɗe har alamar haɗe tari biyu da ta abin da suka yi tarayya a kai ba sa rabuwa. An yi alkawarin gwaji a kwamfuta, amma guda huɗu ne ga mutum 19, ɗaya ma ba ta tashi. Aikin gida sau ɗaya aka duba.

Ga ɗan kasuwa ko ma'aikaci irina da ya bar lakwal da daɗewa, ajin ya cancanci kuɗinsa, amma a tambayi jadawalin a rubuce kafin a biya. Ɗalibin da jarrabawa ke gabansa kuwa kada ya dogara da shi kaɗai.

Na raba tsohon fayil ɗina gida uku: masu saye, kaya, da ciniki. Bambancin enjeksiyon da surjeksiyon, wasu nau'o'i biyu na fonksiyon, har yau yana min gizo, ƙanena ya ce zai zo Juma'a da yamma in na tanadi kilishi.