Turken karta na kyanwa: ya yi aiki, amma sai da kafinta ya sa hannu

Sefa dubu 18 ƙanena ya biya a wani shagon kayan dabbobin gida a Yawunde, ban da kuɗin aike. Kwalin ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, daga nan motar haya ta ƙaraso da shi Garwa. Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: faifan katako da aka lulluɓe da wani yadi mai gashi-gashi, sanda mai kaurin taɓarya an naɗe ta da igiyar sisal, wata igiya mai kaushi ta zaren tsiro, ɗan dandamalin kwanciya a sama, sai wata ƙwallo da ke reto a jikin zare. An haɗo da kusoshi masu murɗi da ƙullin wani busasshen ganye a leda. Abin an yi shi ne don kyanwa ta riƙa karta a jikinsa, wanda zai tambaya a shago sai ya ce griffoir, sunansa na Faransanci, da shi masu sayarwa suka san shi. Mu a gida turke muke ce masa.

Muzurunmu, Ɗan Toka, saboda ɓeraye muka ɗauko shi, don muna ajiye masara da dawa a ɗakin baya. Wannan aikin ya yi shi ba sauran magana. Da ɓeraye suka ƙare sai ya dawo kan kayan falo. Hannun doguwar kujera ta ɓangaren ƙofa ya fi shan wahala, har soso ya fara leƙowa, sannan gefen labule, sannan dardumar sallah in an manta ba a naɗe ba. Maigida ya ce a zaɓa, ko kujera ko kyanwa. Surukata kuwa ta ce ba mai kora mata dabba a titi bayan ta saba da gida, tana tuna mana hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Turken nan shi ne sulhun da aka samu tsakanin uwa da ɗa.

Kafin in faɗi aibinsa, ya kamata mai karatu ya san cewa kartar nan ba iskanci ba ne. Faratan kyanwa hawa-hawa suke girma, in na sama ya tsufa sai ta karci abu mai kaushi ta tuɓe shi, sabo mai kaifi ya fito. Na sha tsintar irin wannan ɓawo a maƙale cikin igiyar turken: ɗan siriri, lanƙwasasshe, fari-fari, cikinsa fayau, in ka matsa da yatsa ya murƙushe. Ran da na fara gani na ɗauka farcen ne ya cire, na kamo ƙafarsa na duba, ga su nan cif, biyar-biyar a gaba, huɗu-huɗu a baya. Ban da wannan, tana miƙe jijiyoyin kafaɗa da na baya da kartar, shi ya sa ta fi yi in ta tashi daga barci. Akwai kuma wani ƙanshi da ke fita daga tsakanin yatsunta wanda hancinmu ba ya ji, da shi take sa alamar cewa nan wurinta ne. To duk wanda ya ce zai hana kyanwa karta, wahalar banza zai sha. Abin da ake iya yi shi ne a canza mata wurin.

Igiyar tana da kyau, wannan ba zan ɓoye ba. An naɗe ta tamau, ba gibi, tana kama farce yadda ya kamata, kuma ta daɗe kafin ta fara tsittsinkewa. Daga nan yabon ya ƙare.

Babban aibinsa gajarta. Tsawon sandar bai wuce rabin mita ba, alhali babban muzuru in ya tsaya da ƙafafun baya ya miƙe ya fi haka nesa. Ɗan Toka yakan zo ya ɗora hannu, ya ga kansa ya bugi dandamalin sama, ya sauka ya nufi kujera, inda yake samun miƙa ta gaske. Ga faifan ƙasan ba nauyi. A kan daɓen siminti mai santsi, tsalle ɗaya ya yi masa abin ya kife da shi, ya ruga ƙarƙashin gado, daga ranar ya riƙa zagaye shi daga nesa kamar an ajiye masa tarko. Kyanwa ba ta yarda da abin da ke girgiɗi, kujera kuwa ba ta motsi komai ƙarfin da ta ja. Da na kwance don in duba sai na tarar sandar ma ba itace ba ce, bututun kwali ne mai kauri. Sefa dubu 18 a kan kwali!

Yadin mai gashi kuma an yi shi ne don ƙasashen sanyi. A Garwa, a watan Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40, wace kyanwa ce za ta hau bargo? Namu gindin randa yake kwanciya. Lokacin hunturu yadin ya sha ƙura har launinsa ya sauya, kuma irin wurin da ƙuma ke son ɓuya ne. Ƙwallon mai reto na yanke ta na jefar tun da zaren ya fara warwarewa, domin in kyanwa ta haɗiyi zare yana iya naɗe mata hanji, sai an yi aiki. Masu ɗinki a gida su kula da wannan, zare da allura a ƙasa haɗari ne gare ta.

Ganyen da aka haɗo, wanda ake barbaɗawa don ya jawo kyanwa, ya ba yara dariya. Ɗan Toka ya shinshina, ya yi ta birgima yana goga kumatu wajen minti goma, ya tashi ya yi tafiyarsa. Ba kowace kyanwa yake kamawa ba, abin gado ne, kuma 'yan ƙanana sam ba su damu da shi ba. Ban ga ya ƙara masa son turken ba.

Na ɗauki abin na kai wa wani kafinta a nan unguwarmu ta Yelwa. Ya jujjuya shi, ya dube ni.

"Hajiya, duk wannan don mage?"

"Don kujera ne, Malam. Nawa za ka canza min yadin kujera mai zaman mutum uku?"

Ya yi dariya ya ɗauko awo. Ya cire faifan ya sa katako mai kauri da faɗi, ya yar da kwalin ya kafa itace na gaske mai tsawon mita ɗaya, ya mayar da igiyar sisal ɗin a sama inda farce ya fi sauka, ƙasan kuma muka cike da igiyar rama da na sayo a kasuwa. Dandamalin ya koma can ƙoli ba yadi, katako zalla. Duka-duka sefa dubu 5 da ɗari biyar. Abu biyu na nace masa: kada kan ƙusa ya fito ta cikin igiya, kuma kada ya shafa fenti ko man katako mai wari.

Ko bayan gyaran, inda aka ajiye shi ne ya raba gardama. Mutum yakan so ya tura irin wannan kaya lungu don kada baƙi su gani, ita kuwa kyanwa a inda ake wucewa take son sa alamarta. Sai na dasa turken dab da hannun kujerar da ya lalata, na rufe hannun da leda mai kauri, tunda farce ba ya kama santsi. Da safe in ya tashi yana miƙa, sai in ja ɗan tsumma a jikin igiyar daga ƙasa zuwa sama. Ya biyo tsumman, farce ya nutse a igiya, sai ka ji ƙarat-ƙarat, ya lanƙwasa baya ya ja da ƙarfi. Nan take nake ba shi ɗan tsokar busasshen kifin tafkin Lagdo da na cire wa ƙaya. Nan take fa, ba bayan na gama shara ba, don in an jinkirta ba ya gane ladar mece ce. Ban taɓa kama hannunsa na goga masa da ƙarfi ba, wannan tsoratar da su yake yi. Da ya saba, sai na riƙa matsar da turken kaɗan-kaɗan zuwa gefen taga, na cire ledar daga baya. Bai koma wa kujerar ba.

Duka kuwa ba ya magani. Yaran gidan sun gwada takalmi, sun gwada watsa ruwa, abin da ya koya kawai shi ne ya jira a fita daga falon. Ya kuma fara gudun mutane, in an kai hannu ya kai yakushi.

Yakushin nan shi ya kai mu wurin likitan dabbobi, kuma ziyarar ta fi turken amfani. A Garwa ba a rasa masana dabbobi, ga LANAVET, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa, a Bokle kusa da gari, da ke haɗa allurar rigakafin dabbobin kiwo, amma yawancin aikin yankin na shanu da tumaki da awaki ne, don haka a tambaya tukuna ko likitan yana duba karnuka da kyanwoyi. Wanda muka samu ya yi wa Ɗan Toka allurar rigakafin ciwon haukan kare, wanda kyanwa ma tana ɗauka tana kuma yaɗawa, ya ba da maganin ƙuma da na tsutsar ciki. Ya nuna min yadda ake rage farce: a danna tafin a hankali farcen ya fito, a datse tsinin kawai, kada a taɓa wurin nan mai ja-ja na ciki, akwai jini da jijiya. Ya ce duk wanda kyanwa ta yakusa ko ta ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, in kuma ba a san kyanwar ba ko ba ta da rigakafi, a tafi asibiti a ranar. Akwai ma wani ciwo da yakushinta ke sawa, ƙaluluwa ta kumbura da zazzaɓi, kuma ƙuma ce ke yaɗa ƙwayar cutar tsakanin kyanwoyi. Ya gargaɗe mu da babbar murya kan farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa. Haka maganin ƙwari na karnuka mai sinadarin permethrin, da albasa da tafarnuwa a ragowar miya.

Maigida ya tambaye shi ko ba a cire faratan gaba ɗaya a huta. Likitan ya kamo yatsan kansa ya nuna gaɓar ƙarshe, ya ce, "Alhaji, daga nan ake guntulewa, har da ƙashi." Ƙasashen Turai da yawa sun haramta wannan aikin, jihar New York ta Amurka ma ta hana shi a 2019. Maigida bai sake ta da zancen ba.

Cizon hannu kuma daga yara ya samo asali, su suka koya masa wasa da yatsu tun yana ɗan ƙarami. Yanzu doka ce a gidan: wasa sai da kara mai gashin kaza a ɗaure a baki. In ya kama hannu, a tsaya cik kada a fizge, sannan a tashi a bar masa wurin.

Akwai abubuwan da turken bai taɓa ba, kada mai saye ya sa rai. Dardumar sallah har yanzu sai an naɗe, don wasu lokuta kartar kwance yake so. Na shimfiɗa masa tsohuwar tabarmar kaba a bakin ƙofa, ya rage. Hawa kan kwanukan abinci sai rufewa da murfi mai nauyi. Kukan asuba kuwa ɗabi'arsu ce, da magariba da gabanin fitowar rana suka fi kuzari, sai dai in an gajiyar da shi da wasa bayan isha'i aka ba shi abinci, yana ɗan jinkirtawa. Wanda ya fi damuna shi ne fitsarin da yake fesawa a bango in ya ji wata kyanwa a kan katanga. Likitan ya ce fiɗiya ce ke rage wannan ga muzuru, da yawon dare da faɗa. Surukata ba ta yarda ba tukuna, ta ce sai an tambayi malamai, ana nan ana shawara. Kafin nan ina wanke wurin da sabulu da ruwa sosai, don in warin ya saura nan zai dawo.

Wanda ke da 'yar kyanwa ƙarama da kuɗin da ba ya tsoron ɓatarwa, na shago zai yi masa na ɗan lokaci. Mai babban muzuru ya wuce wurin kafinta kai tsaye, ya ce masa itace mai tsawon mita ɗaya, gindi mai faɗin rabin mita ta kowane ɓangare, mai nauyin da ba zai motsa ba in an tura da ƙafa. Igiyar rama ta fi sisal saurin cinyewa, amma ga ta nan a kasuwa da araha. In ta fara yin buzu-buzu kada a yi gaggawar canzawa, a haka Ɗan Toka ya fi sonta, sai itacen ya fara bayyana nake kwance ɓangaren da ya mutu in naɗa sabuwa, in bar sauran tsohuwar a wurinta.