Kwano, dal ko rufin ƙasa: wanne za ka ɗora wa gidanka a Tahoua?

Shekarar da na gama ɗaki biyu da falo a bayan gidanmu na gado, Inna na fara kaiwa ɗakin da na ware mata. Tayil a ƙasa, fenti ruwan madara, labule har daɓe. Ta shafa bango, ta sa mini albarka. Kwana uku ta yi a ciki. Ran na huɗu, cikin watan Afrilu, na dawo da azahar na tarar ta naɗe tabarmarta ta koma tsohon soronta na laka, wanda nake shirin rushewa.

"Inna, lafiya? Wani abu aka yi miki?"

"Ɗan nan, ɗakinka ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Amma tanda ce, ni kuwa ba masa ba ce."

Gaskiyarta. Kuɗina duk sun tafi wajen abin da baƙo zai gani in ya shigo, rufi kuwa ragowa na ba shi: kwano mai arha, an kwantar da shi dab da silin, babu ko huda ɗaya da iska za ta bi. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40 kusan kullum tsakanin Afrilu da Mayu, rana a ka take dukan gida, ba a tayil ba. Saboda haka in kana da gini ya kai linta, ko kana shirin gyara, kafin ka tafi zaɓen fenti zauna mu auna rufi.

Kwano, ko tol kamar yadda aka fi ce masa a nan, shi ne abin da yawancinmu za mu saya, don shi aljihu ke iyawa kuma cikin kwana biyu an gama bugawa. Sai dai kwano suna ya tara. Akwai mai ƙananan kwari-kwari da ake sayarwa falle-falle, akwai mai faɗin kwari da ake yanka maka daidai tsawon ɗakinka, na ƙarfe mai rufin tutiya, da na alminiyom, da wanda aka haɗa biyun. Wanda ake yankawa daidai tsawo ya fi, domin ba shi da haɗi a tsakiya, kuma yoyo daga haɗi yake farawa, musamman a irin rufinmu mai ƙarancin gangara da ake ɓoyewa a bayan katanga. Alminiyom ba ya tsatsa, amma yana da laushi. In siriri ne, iska kan yage shi daga bakin ƙusa. Na ƙarfe yana tsatsa, sai dai a busasshiyar ƙasa irin ta Adar yakan daɗe kafin ya huje.

Abin da mai shago ba zai fara faɗa maka ba shi ne kauri. Da kason milimita ake auna shi, za ka ji ana cewa 35 bisa 100, ko 5 bisa 10, ko 6 bisa 10. Kada ka yarda da "wannan mai kyau ne, Alhaji". Ka ce a rubuta maka kaurin a takardar ciniki, sannan ka ɗaga falle ɗaya da hannunka ka gwada shi da na shagon maƙwabci. Wanda ke lanƙwashewa kamar takarda in ka riƙe shi ta gefe ɗaya, bar musu kayansu. Launi kuma ba ado kaɗai ba ne. Jan kwano da shuɗi mai duhu sun shiga gari, daga nesa suna da kyan gani, amma duhun launi zafi yake sha. Fari ko mai ƙyalli shi ke mayar da rana inda ta fito.

Sai abin da zai riƙe shi. Katako ya fi arha, gara kuma ta fi kowa murna da shi. Ƙarfe, wato dogon ƙarfen gini da ake kira IPN da bututu mai kusurwa huɗu, ya fi tsada amma an huta. Ko wanne ka ɗauka, dole a ɗaure shi da rodi a cikin zoben kankare na saman bango. Duk wanda ya taɓa ganin hadarin farkon damina ya taso daga gabas, jan ƙura a gaba ruwa a baya, ya san abin da nake nufi. Washegari sai ka ga rufin mutum ɗungurungum a gidan maƙwabcinsa. Jera bulo da duwatsu a kan kwano, kamar yadda ake yi, dabarar mai ƙaramin ƙarfi ce, ba ta maye gurbin ɗauri. A maimakon ƙusa a sa ƙugiya mai noti da robar toshe ruwa.

Kwano shi kaɗai ba rufi ba ne, rabin rufi ne. Da rana yakan yi zafin da ba ka iya ɗora masa tafin hannu, da hunturu kuma sanyin asuba ya ratso shi kamar a waje kake kwance. Abin da ke tsakaninka da shi, silin ko filafon, shi ne sauran rabin. Na allon katako shi ne mai sauƙin kuɗi, amma gara na ci, kuma ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya kumbura shi. Na roba ana goge shi da tsumma, gara ba ruwanta da shi, sai dai in ya yi kusa da kwano zafi kan sa ya saki ciki, in kuma gobara ta tashi hayaƙinsa mugu ne. Sitaf, wato filasta da ake zubawa da zare a rataye, shi ne sarkin ado, shi amare ke so, da fitilu zagaye da zane-zane. Ba ya cin wuta, yana kuma ɗan tare zafi. Maƙiyinsa ruwa ne. Kada ka yi sitaf sai rufinka ya ga damina ɗaya ka tabbata ba ya yoyo. In ba haka ba za ka ga taswira ruwan ƙasa a saman falonka, wata rana kuma gutsure ya faɗo cikin kwanon tuwo.

Ga kuskuren da na yi, wanda na ga gidaje da yawa sun yi. Tsakanin kwano da silin akwai iska, in ba ta da mafita sai ta dahu ta riƙa turo zafi ƙasa har tsakar dare. Maganin ba shi da tsada: a bar tazara mai kyau, a buɗe ƙananan tagogi a bango biyu masu fuskantar juna sama da silin, a sa musu ragar waya saboda jemage da tsuntsaye. Silin kansa kada ya gaza mita 3 daga daɓe. Layi biyu ko uku na bulo da za ka ƙara bai kai kuɗin labulen falo ba.

Dal, wato rufin kankare, shi ne burin kowane ma'aikaci da ɗan kasuwa. Iska ba ta ɗauka, gara ba ta ci, ruwan sama ba ya hana ka jin maganar na kusa da kai, kuma in Allah ya hore sai a hau bene. Da bazara ma ga wurin shimfiɗa a sama. Muna kuma da sa'a ɗaya, masana'antar siminti ta Malbaza a jiharmu take tun shekarun 1960, ga shi a watan Oktoban 2024 gwamnati ta rage farashin siminti a ƙasa baki ɗaya. Duk da haka dal ya fi kwano tsada nesa ba kusa ba, domin ba siminti kaɗai ba ne: ga rodi, ga tsakuwa, ga katakon tallafi, ga ginshiƙai da harsashin da za su ɗauki nauyin. Bangon da aka yi don kwano ba a wayi gari a ɗora masa dal.

Abin da masu dal ba su cika faɗa ba, kankare ma'ajiyar zafi ce. Yini yake yana sha, sai bayan isha'i, lokacin da mai kwano ya fara samun sauƙi, shi kuma ya fara amayarwa. Ka taɓa silin ɗin ɗakin dal da ƙarfe goma sha ɗaya na dare a watan Mayu ka ji. Mai dal yakan ce ai zai sa na'urar sanyaya ɗaki. To, wanda ya ga yadda aka yi bayan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba mu, ya san ba a gina gida bisa alƙawarin lantarki. In dal za ka yi, ka yi na bulo mai rami, wanda ake jerawa a zuba kankare santimita 4 ko 5 a kai, don ramukan na rage zafi. Ka shafe samansa da farin fenti ko farar ƙasa, in da hali ka kafa rumfa a kai.

Wajen zubi kuwa kada ka wakilta kowa. Ƙa'ida ita ce kilo 350 na siminti a kowace mita kubik ta kankare, buhu 7 ke nan masu kilo 50. Ka tsaya ka ƙirga buhunan da aka farke. Wani magini da na taɓa ɗauka a ginin ƙanena ya so ya janye katakon tallafi bayan kwana goma don yana da wani aiki a wata unguwa, sai da muka kai ruwa rana. Tallafi sai ya yi mako uku zuwa huɗu, domin kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfinsa. Ban ruwa kuma safe da yamma, aƙalla mako guda. Wannan ya sa zubin dal a tsakiyar bazara, lokacin da famfo ke tari ƴan garuwa na ja wa mutane aji, ba dabara ba ce. Ka bari sai sanyi ya shigo. A kuma karkata saman zuwa indararo. Dal ɗin da ruwa ke kwana a kansa zai yi yoyo, kuma yoyon dal ya fi na kwano wuyar ganowa.

Saura soron Inna. Azarar giginya a jere, zana ko kirare a kai, sannan laka mai kauri. Cikin ukun nan babu mai sanyinsa da rana, babu mai ɗuminsa da hunturu, kuma kayan aikin a ƙarƙashin ƙafarka suke. Amma kada son gargajiya ya rufe mana ido. Azara ta yi wuya ta yi tsada, giginya ba ta girma a shekara goma, ana kuma tsaron saranta. Faɗin ɗaki bai wuce abin da azara za ta iya ɗauka ba. Kowace shekara kafin ruwa sai an hau an yi yaɓe an share indararo, wanda ya yi sakaci kuma rufin kan sha ruwa ya yi nauyi ya rufto. Daminar 2024 ta rusa gidajen laka masu ɗimbin yawa a ƙasar nan, har tsohon masallacin Damagaram bai tsira ba. Gidan laka na son mai gida yana kusa. In kai ɗan ci-rani ne, kana Abijan ko Libiya wata tara a shekara, ka yi tunani sau biyu.

Sai dai laka ba ta tsaya inda kakanninmu suka bar ta ba, kuma ba sai ka je nesa ba ka gani. Masallacin Yama, a nan jihar Tahoua, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji, masu zanen gine-gine Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, aka gama a 2018. Irin wannan bulo, da ɗan siminti kaɗan a ciki, shi aka yi gidajen Niamey 2000 da shi a Yamai. Akwai kuma gini marar katako, inda ake rufe ɗaki da ƙubba ko baka na tubali, babu azara ko ɗaya. Matsalar guda ce: gwanayen aikin ba su da yawa. Kafin ka ba wani, ya kai ka ginin da ya yi wanda ya ga damina uku, ka shiga, ka tambayi masu gidan ba a gabansa ba.

Da yau zan sake, haɗawa zan yi: rufin ƙasa ko bakan tubali a ƙasa, kwano a sama kamar laima, da tazarar da iska za ta ratsa. Kwano ya tare ruwa da rana, ƙasa ta tare zafi, yaɓen shekara-shekara ya ragu. Dabarar da mai zanen gine-gine Francis Kéré ya yi ke nan a makarantar ƙauyensu Gando a Burkina Faso a 2001, ƙasar da zafinta bai bambanta da namu ba. Tsadarsa ta fi ta kwano da silin, amma ba lallai ta kai ta dal ba, sai dai a ɗaure kwanon sosai tunda iska na shiga ƙarƙashinsa.

Mai gina gidan haya ko mai ƙaramin ƙarfi, ya sayi kwano mai kauri mai haske, ya ɗaga bango, ya buɗe tagogin iska, silin ko na katako ne ya wadatar kafin a samu na sitaf. Mai niyyar bene, dal ya zame masa dole, sai ya sa kuɗin farin fenti da rumfa cikin lissafi tun farko. Mai fili a gefen gari ko a ƙauye, da magini na ƙwarai a hannu, ni dai ban ga abin da zai kai shi sayen zafi da kuɗinsa ba.

Nawa ɗakin, bara na sa aka cire kwanon, aka ƙara layi uku na bulo, aka huda tagogi huɗu masu raga, aka mayar. Ya yi sauƙi ƙwarai, yara na iya barcin rana a ciki. Na je na gaya wa Inna an gyara, ta zo ta tsaya a tsakiyar ɗakin, ta ɗaga kai ta dubi silin, ta ce da dama-dama. Buhunan hatsinta ta sa aka kai can. Soron kuwa na fasa rushe shi, watan jiya ma na biya kuɗin yaɓe.