Tsarin karatu ko bin abin da rai ke so? Ga amsata

Ƙanina, ka ce kana tsakanin rubuta jadawalin littattafan da za ka karanta a shekara da kuma ɗaukar duk wanda zuciyarka ta kwanta da shi. Ni dai shawarata, bi zuciyarka.

Littattafai uku nake ajiyewa kusa da katifata a nan Madina: ɗaya na tarihi, ɗaya na labari, sai wani ɗan ƙarami na waƙoƙin wa'azi da Hausa wanda wani dattijo ya bar min da ya zo Umara. Bangonsa ya yage, na liƙe shi da salatif. Lokacin da aka yi mana rasuwa a gida ban samu zuwa ba, na fi mako ba abin da ke shiga kaina, ko jarida ba na iya dubawa. Wannan ɗan littafin ne ya riƙe ni. Bayan isha'i sai in buɗe, in rera baiti biyu ko uku a hankali yadda tsofaffinmu ke yi, in ji ƙirjina ya sake. Wane jadawali ne zai san cewa a wannan makon abin da nake bukata ke nan?

Kuma ka duba yadda rayuwarmu take a ƙasar nan. Da zafi ya haura digiri 40, ka taso daga aiki jiki duk ya mutu, ba ka da ƙarfin littafi mai nauyi, labari mai daɗi ne zai shiga. Da azumi rai yakan karkata ga sira da tafsiri ba tare da an tura shi ba. Lokacin Hajji kuwa masu aikin otal da tuƙi ko barci ba ya isarsu. In ka hau jirgin ƙasan Haramaini zuwa Makka, wajen awa biyu da rabi kana zaune, nan ne tarihi ke da daɗi. Jadawali bai san duk wannan ba, shafi ashirin kullum kawai ya sani, ranar da ka kasa sai ka ji kamar bashi ake binka.

Shi tsarin, to, yana da wurinsa: nahawu, fikihu, hadda, duk abin da ake ɗauka gaban malami dole a bi shi daki-daki, ba a tsallake babi. A wajen irin wannan karatu kuwa, tsari bai yi min ba: akwai wani saitin littattafai mai mujalladi da yawa da na saya don in bi shi wata-wata, yana nan saman kabad, rabinsa ko ledar ba a cire ba.

Abin da zan ce ka yi, kada ka saya sai ka ɗanɗana. Akwai laburare a cikin Masallacin Annabi (SAW), shiga kyauta ne, ka zauna ka karanta shafi goma ka ji ko littafin ya kama ka. Na Larabci da yawa suna cikin manhajar Shamila, ita ma kyauta. Wanda ya kama ka sai ka nema a kantin littattafai na Jarir ko shagunan da ke kusa da Jami'ar Musulunci, ko ka jira baje kolin littattafai, wanda aka fara yi a Madina a 2022, ban da na Riyad da Jidda.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da wasu masu sayarwa. Za a ce maka bugun Beirut ne alhali hoton littafin aka ɗauka aka sake bugawa, rubutu ya dushe, takarda kamar za ta huje. Wani kuma malzama guda ce, wato ɗaurin shafuka, ta ɓace a tsakiya, shafi 16 cur, ba za ka gane ba sai ka kai wurin. In saiti ne, ƙirga mujalladan a gabansa, ka bi lambobin shafi, ka karɓi rasit. Masu tallan PDF a WhatsApp su ma ka kiyaye su, sau da yawa abin da ke kyauta a intanet suke karɓar riyal ashirin ko talatin a kansa. Wanda ya ce sai ka tura kuɗi kafin ka ga littafi, ka bar masa kayansa.