Sharhi kan tiyatar gyaran hanci da aka yi mini a Seoul

Wata 14 ke nan da aka yi mini tiyatar hanci a wani asibiti da ke unguwar Gangnam a birnin Seoul, kuma sai yanzu nake ganin lokaci ya yi da zan faɗi ra'ayina, domin hanci ba ya nuna ainihin siffarsa sai kumburi ya gama sacewa. Toshewar kafar hanci ɗaya ce ta fara kai ni wurin likita, sannan maganar ɗaga karan hancin ta biyo baya, bayan na yi shawara da iyalina.

Abin da ya sa na zaɓi Koriya ta Kudu shi ne, hancin da likitocinta suka saba aiki a kansa, wato na mutanen gabashin Asiya, yana kama da nawa: kara a kwance, fata mai kauri, guringuntsi mara ƙarfi. Irin wannan hanci gini yake buƙata, ba ragewa ba.

Likitan ya shimfiɗa mini zaɓi ba tare da gaggawa ba. Allurar ciko, wato ta cusa wani ruwa mai kauri a ƙarƙashin fata don ɗaga hanci, ba ta buƙatar yanka, amma takan narke cikin kamar shekara guda, kuma idan ta shiga jijiyar jini tana iya jawo makanta, don haka na ajiye ta gefe. Ya nuna mini silikon da Gore-Tex, wato nau'ikan roba biyu da ake dasawa a ƙarƙashin fata don ɗaga karan hanci, ya ce silikon ya fi sauƙin cirewa idan ƙwayoyin cuta suka kama wurin. Na daɗe ina tunani a kan guringuntsin haƙarƙari, saboda nama ne na jikina, sai dai yana iya lanƙwashewa daga baya, ga kuma tabo a ƙirji, ni kuwa fatata tana yin tabo mai tudu. A ƙarshe aka sa silikon a kara, aka tallafe tsinin hancin da guringuntsin da aka ɗebo daga cikinsa da kuma bayan kunnena.

Na yaba da cewa sun amince a naɗi aikin da kyamara da zarar na nema, kamar yadda dokar ƙasar ta tanada tun Satumban 2023, domin fargabar a sauya likita bayan allurar barci ta kama mutum ba ƙarama ba ce.

Inda suka gaza shi ne kulawar bayan tiyata. An cire mini ɗaurin hanci a rana ta bakwai, daga nan tafintar asibitin da ke amsa saƙona nan take ta koma yin kwana uku kafin ta waiwaye ni, alhali tsinin hancina yana kumbure har wata takwas, kuma babu wanda ya gargaɗe ni cewa fata mai kauri takan ja lokaci haka. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai. Yanzu ina numfashi da kafofin biyu, kunnen ya warke sarai, amma har yau tsinin yakan ɗan sandare idan sanyi ya tsananta.