Garin farar ƙasa na gona: abin da na gani bayan damina biyu

Ina da fili kwatan hekta a wajen Kachia, na dasa ciyawar giwa saboda shanun turke. Shekara uku ina zuba mata yuriya bayan kowane yanka. Da fari sai sambarka, daga baya kuma taki na ƙaruwa ciyawa na ƙanƙancewa. Har na fara zargin mai shagon taki da sayar mini da jabu, Allah Ya yafe mini.

Wani malamin gona ne ya ɗebi ƙasar aka gwada, ma'aunin tsamin ƙasa, wato pH, ya nuna 4.8. Ya ce, "Alhaji, ƙasarka ce ta yi tsami, kuma yuriyar da kake zubawa na ƙara tsamar da ita." Ashe in ma'aunin ya sauka ƙasa da 5.5, sinadarin alminiyum yakan narke ya hana saiwa tsawo. Na tuge tushe ɗaya na duba, saiwoyin guntaye ne, masu kauri. Yuriya kuwa, duk da kashi 46 cikin ɗari na naitirojin, abincin tsiro, da ke cikinta, me za ta yi wa ciyawar da ba ta da bakin sha?

Don rage tsamin, na sayi garin farar ƙasa na gona, wanda masu shago ke kira laim, buhu goma masu kilo 50. Muka watsa kafin ruwan farko, muka gauraya shi da ƙasa da fartanya. An gargaɗe ni kada in haɗa shi da yuriya rana ɗaya, don naitirojin zai tashi a iska, sai na jira makonni.

Aibinsa: nauyi, kuɗin mota, da ƙura. Ku ɗaure hanci da ƙyalle. Sannan ba ya sauri, daminar farko da ƙyar na ga bambanci, har yarona ya ce mun binne kuɗi. A ta biyu ne ciyawar ta yi kore shar, ta wuce kaina, alhali ban ƙara yawan yuriyar ba. Kunya biyun da na bari ban zuba musu laim ba, don in gwada, suna nan jiya i yau.

Maƙwabcina mai gamba ya zuba bai ga wani abin kirki ba, dama gamba na jure tsami. Don haka a gwada ƙasa kafin a saya. Ni dai zan sake gwada tawa baɗi.