Kafin ka biya kuɗin sabar: OpenSSL, LibreSSL ko Caddy?

Duk wanda ya zo min da maganar zai buɗe shafin makaranta, ko asibiti, ko kantin da ke karɓar kuɗi ta intanet, tambayarsa ta farko game da sabar, wato kwamfutar da za a yi haya a ɗora shafin a kai, ba ta wuce "wane kamfani ne ya fi araha?" Ni kuwa tawa tambayar daban ce: wace manhaja ce za ta riƙa ɓoye bayanan da ke shiga da fita, kuma ranar da aka gano ta huje, wa zai yi mata faci, wato gyaran da zai toshe hujin? Dalilin da ya sa na nace a kan wannan shi ne na taɓa ƙonewa.

A ranar 7 ga Afrilu, 2014 aka bayyana wa duniya ramin da ake kira Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da mafi yawan sabobin duniya suke dogaro da ita wajen ɓoye bayanai. Yadda abin yake kamar wasan yara ne. Kwamfutarka kan aika wa sabar wata 'yar kalma don ta tabbatar layi bai yanke ba, misali ta ce "ga kalmar goro, harafi huɗu ce, maido min." Sai sabar ta maido. Matsalar ita ce sabar ba ta ƙirgawa. Idan mai kutse ya ce "ga goro, harafi dubu sittin ce," sai ta miƙo masa goron haɗe da duk abin da ke kusa da shi a ƙwaƙwalwarta, har kilobayit 64 a kowace tambaya. Kalmomin sirri, saƙonnin mutane, wani lokaci har makullin sirrin sabar kanta. Yana iya maimaitawa iya son ransa, kuma ba ya barin sawu. Kuskuren ya shiga ne a ƙarshen 2011, ya fito cikin sigar 1.0.1 a watan Maris 2012, ya zauna shekara biyu kafin Neel Mehta na Google da kamfanin Codenomicon na ƙasar Finland su gano shi. Hukumar tara haraji ta Kanada kaɗai sai da aka kwashe mata lambobin shaida na mutum kusan 900.

A lokacin ina kula da shafin wata ƙaramar makaranta, a kan sabar da muka yi haya wurin wani kamfani. Facin ya fito rana ɗaya da labarin, sigar 1.0.1g, amma mutanen nan sai da na yi ta bugun waya kamar mai bin bashi kafin su ɗora shi. Da suka ɗora kuma, suka bar mana tsohon makulli. Wato an toshe katanga, an bar ɓarawo da mabuɗin ƙofa a aljihu.

Duk da haka ba zan ce a guji OpenSSL ba. Ita ce ke zuwa da tsarin Linux irin su Ubuntu da Debian, ita manhajojin sabar irin su Apache da nginx suka fi aiki da ita, kuma ta yau ba ta jiya ba ce. Kafin Heartbleed, gudummawar da aikin ke samu ba ta wuce dala dubu biyu a shekara ba, mutane ƙalilan ke riƙe da shi. Bayan abin kunyar ne manyan kamfanoni suka zuba kuɗi ta hannun Gidauniyar Linux. Abin dubawa shi ne siga. An daina yi wa 1.0.2 faci kyauta tun ƙarshen 2019, ita ma 1.1.1 wa'adinta ya cika a watan Satumba 2023. Ka nemi wadda ta fara da lamba 3, a kan tsarin da masu shi ke ci gaba da sabuntawa.

LibreSSL, wadda masu tsarin OpenBSD suka ɓallo daga OpenSSL cikin fushi a 2014 suka yi wa tsohuwar aski, tsaftatacciya ce, amma sai in OpenBSD ɗin kake amfani da shi. Alpine da Void, wasu nau'o'in Linux, sun gwada ta, sun koma OpenSSL. BoringSSL kuwa Google da bakinsa ya ce don kansa ya yi ta. 

Ni Caddy nake ɗorawa, kuma ba na ɓoyewa. Sabar yanar gizo ce da Matt Holt ya fitar a 2015, kyauta, an rubuta ta da yaren Go, kuma ba ta taɓa OpenSSL ko kaɗan. Abin da ya sa hakan ke da muhimmanci: OpenSSL da yaren C aka rubuta ta, yaren da ke barin manhaja ta zura hannu inda ba a aike ta ba, kuma abin da ya haifi Heartbleed ke nan. Go kuwa yana duba iyaka. In aka nemi harafi dubu sittin daga wurin da huɗu ke ciki, sai aikin ya tsaya cak, ba ya miƙa sirrin kowa. Sannan Caddy da kanta take karɓo takardar shaida, wadda ke tabbatar wa baƙo cewa shafin naka ne, daga ƙungiyar Let's Encrypt mai bayar da ita kyauta, da kanta take sabunta ta kafin wa'adinta ya cika. Layi biyu ko uku ka rubuta, shafinka ya tashi da ɗan kwaɗon nan na gefen adireshi, alamar ana ɓoye bayanai. Wanda ya taɓa farkawa ya tarar takarda ta mutu cikin dare, iyayen yara na ta kira wai shafi ya ce "ba amintacce ba ne" a ranar duba sakamako, shi ya san daɗin wannan. Tsofaffin hanyoyi irin SSL 3.0, wadda harin POODLE ya tona wa asiri a Oktoba 2014, a rufe suke tun daga farko. Ba na cewa ba ta da aibi. Kuskuren tunani, irin wanda Apple ya yi a Fabrairu 2014 da layi ɗaya da aka maimaita, kowane yare yana iya ɗaukarsa, don haka ita ma sai ana sabunta ta.

To, sai 'yan damfara, waɗanda su ne suka fi cin mutanenmu. Akwai masu sayar da takardar shaida da tsada suna cewa tasu "irin ta sojoji ce." Ƙarfin ɓoyewar ɗaya ne da na Let's Encrypt na kyauta, domin takarda shaida kawai take bayarwa, manhajar sabar ce ke yin ɓoyewar. Ko sunan kamfani da ake nunawa a gefen adireshi, wanda da shi suke tallar mai tsadar, Chrome da Firefox sun cire shi tun 2019. Akwai masu haya mai arhar banza a kan cPanel na sata, wato manhajar sarrafa sabar, wanda aka fasa lasisinsa. Ba ka san abin da mai fasawar ya dasa a ciki ba, araha kuwa ba ta ado. Akwai masu zaune a kan tsarin CentOS 7, wanda aka daina kula da shi tun 30 ga Yuni, 2024, suna nuna maka kwaɗo a matsayin hujja. Ai ranar Heartbleed ma duk shafukan da aka yashe da kwaɗonsu a maƙale. Akwai kuma saƙon imel na gaggawa, wai an gano sabon rami, latsa nan ka sauke faci. Faci daga ma'ajiyar tsarinka yake zuwa, ba ta imel ba. Idan bayanan mutane suka zube a Najeriya kuma, dokar kare bayanai ta 2023 kai mai tara su za ta fara tambaya, ba dillalin da ya sayar maka ba.

Kafin ka tura kobo, ka karɓi adireshin wani shafi da ke kan sabarsu, ka saka shi a gwajin SSL Labs na kamfanin Qualys, kyauta ne, minti kaɗan zai ba ka maki. In bai kai A ba, ka ƙara gaba. Sannan ka tambaye su a rubuce: in aka gano rami, za ku canza makulli ku soke tsohuwar takarda, ko faci kawai za ku ɗora? Ka ajiye amsar.